Wa ya san Dean Burk? An kawo wa Gwaggona ƙwallon mishmish da sunansa

Maman Ilham (Jidda)

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san wani abu game da wani Ba'amurke mai suna Dean Burk.

Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, an gano tana da sankarar mama kafin azumin bana. An yi mata aiki, yanzu tana kan kimawi, wato alluran kashe ƙwayoyin kansa. Abin yana ba ta wuya ƙwarai. Gashi ya zube, baki duk ya yi gyambo, ko ƙamshin shinkafa ba ta son ji. Duk ranar da za mu koma asibiti sai an yi ta lallashi kamar za a kai yaro makarantar allo.

To shekaranjiya wata ƙawarta da suke zuwa tahfiz tare ta zo dubiya, ta kawo wata 'yar kwalba cike da ƙwayar cikin ƙwallon mishmish (ɗan itacen da Turawa ke kira apricot), mai ɗacin nan, ta ce wurin wani mai sayar da magungunan gargajiya ta saya a unguwar Balad. Ta kuma turo mini wani sauti ta WhatsApp da Larabci, dogo. Mai maganar yana cewa wai babu wata cuta mai suna kansa, ƙarancin bitamin B17 ne kawai, kuma wannan bitamin yana cikin ƙwallon mishmish. Ya ce shugaban cibiyar binciken kansa ta gwamnatin Amurka, Dakta Dean Burk, ya gani da idonsa ƙwayoyin cutar suna mutuwa, amma kamfanonin magani suka danne maganar don kada kasuwarsu ta mutu. A ƙarshe ya ce a riƙa ci safe da yamma ana ƙara yawa, a dakatar da kimawi.

Ni dai na ɗora kwalbar a saman firij na ce sai na tambaya. Gwaggo kuwa ta riƙe sunan mutumin nan gam, kullum sai ta ce "ai babban likitansu ne ya faɗa". Mutumin nan ya taɓa wanzuwa kuwa, ko ƙirƙirarsa aka yi? In kuma gaskiya ne, me ya hana likitoci bayarwa?

Alhaji na Jarwal (Makka)

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ni ban san Baturen nan ba, amma na daɗe a garin nan, na ga abubuwa. Kada ki raina abin da ya fito daga itace. Iyayenmu da sassaƙe da saiwa suka rayu har suka haife mu. Kuma maganar kamfanoni ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ki tambayi duk wanda ba shi da ta'amin, wato inshorar lafiya, nawa ake cajinsa allurar kimawi guda, za ki ji abin da zai sa ki zauna. Wanda yake samun irin wannan kuɗi zai so a ce magani yana cikin abin da ake saya da riyal goma?

Mishmish kuma abinci ne. Kowane azumi kamaruddin, busasshen mishmish, muke jiƙawa mu sha ruwa da shi, ban taɓa jin ya kashe kowa ba. Ni shawarata ki haɗa mata duka: zamzam, zuma, habbatus sauda, da abin da ƙawarta ta kawo. In bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba.

Abu Maryam (Madina)

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah Ya tashi kafaɗar Gwaggo. Baba Alhaji, a gafarce ni, jimlarka ta ƙarshe ce ta sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubutu. Wannan abin yana cutarwa. Amma bari in fara da mutumin.

Bayokemistiri nake koyarwa, ilimin sinadaran da ke aiki a jikin mai rai, kuma sunan nan duk shekara sai na rubuta shi a allo. Ɗalibin likitanci ko na haɗa magunguna, a Zariya yake ko a Alƙahira, ba zai wuce ajin farko ba sai ya haɗu da wani zane da ake kira zanen Lineweaver da Burk, wanda ake auna saurin aikin enzayim (sinadarin da ke hanzarta ayyukan cikin jiki) da shi. Burk ɗin cikinsa shi ne Dean Burk. Ke nan ba ƙirƙirarsa aka yi ba, kuma ba ɗan damfara ba ne. Abin da ya sa sunansa ya yi wa masu sayar da kwalabe daɗi ke nan.

An haife shi a 1904 a Oakland ta jihar Kalifoniya. Mahaifinsa shugaban kwalejin horar da malamai ne a San Francisco. Yaro ne mai kaifin kai, yana ɗan shekara 23 ya gama digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1927. Ki lura, Dakta ne na karatu, bai taɓa zama likitan da ke duba marar lafiya ba. A 1929 ya kama aiki a ma'aikatar gona ta Amurka yana binciken bakteriyar ƙasa masu jawo naitirojin daga iska, kuma cikin wannan aikin ne shi da Hans Lineweaver suka fitar da takardarsu a 1934. A 1939 ya koma Cibiyar Kansa ta Ƙasa, ya zauna har ya yi ritaya a 1974. Bai taɓa shugabantar cibiyar ba kamar yadda sautin ya ce. Wani sashe ya riƙe, na binciken sinadaran ƙwayar halitta. Ya rasu a 1988.

Ba za a gane Burk ba sai an san malaminsa, Bajamushen nan Otto Warburg, wanda ya ci kyautar Nobel a 1931. Warburg ne ya lura cewa ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukari fiye da kima, suna sarrafa shi ta hanyar da lafiyayyun ƙwayoyi ba sa bi sai in iska ta yanke musu. Wannan gaskiya ne, har yau da shi ake amfani a hoton PET na gano inda kansa take a jiki, wataƙila ma an yi wa Gwaggo. Amma Warburg ya zarce ya ce wannan shi ne asalin cutar gaba ɗaya, ya kafe a nan har ya mutu, alhali bincike ya nuna tushen yana cikin lalacewar ƙwayoyin gado. Burk ya bi shi sau da ƙafa, shi ne ma mai fassara ayyukansa zuwa Turanci. Akwai wata doguwar jayayya da suka yi da Robert Emerson kan yawan hasken da ganye ke buƙata kafin ya fitar da iskar shaƙa. Su suka ce awo huɗu ya isa, Emerson ya ce sai takwas ko fiye. Emerson ne da gaskiya, kuma haka yake a littattafan yau. A ganina, a nan halin mutumin ya fito: gwani ne a ɗakin gwaji, amma in ya ɗauki ɓangare ba ya sauka.

Yanzu ƙwallon mishmish. Sinadarin da ke cikinsa sunansa amigdalin, tun 1830 wasu Faransawa suka tace shi daga lauz (almond) mai ɗaci. Waɗanda suka mayar da shi "maganin kansa" wasu uba da ɗa ne a San Francisco, dukansu Ernst Krebs, suka sa masa suna Laetrile wajen shekarun 1950. Ɗan bai gama makarantar likitanci ba, kuma shi ya yayata cewa bitamin B17 ne. Babu bitamin irin wannan. Bitamin shi ne abin da in jiki ya rasa shi wata sananniyar cuta za ta bayyana, in an mayar ta warke, kuma babu wanda ya taɓa rashin lafiya don bai ci ƙwallon mishmish ba. Amfanin laƙabin shi ne a sayar da shi a matsayin abinci, a kauce wa dokar magunguna.

Burk ya ba su abin da ba su da shi, wato suna mai nauyi daga cikin gidan gwamnati. Abin da ya "gani da idonsa" kuwa ga shi: ya sa ƙwayoyin kansa a cikin gilashi, ya zuba amigdalin, ya ƙara wani enzayim mai fasa shi, ƙwayoyin suka mutu. To dole su mutu. In amigdalin ya fashe, sayanayid yake saki, gubar da ke hana ƙwayar halitta amfani da iska. Da lafiyayyun ƙwayoyi ya zuba a gilashin, su ma mutuwa za su yi. Masu Laetrile sun ce ai ƙarin kansa, wato kumburin cutar, ne ke da enzayim mai fasa shi da yawa, kuma ba shi da mai kashe gubar, don haka a can kaɗai za ta fita. Da aka auna sai aka tarar ba haka ba ne. Inda enzayim ɗin ya fi yawa shi ne cikin bakteriyar hanjinmu. Shi ya sa wanda ya ci ta baki ya fi wanda aka yi wa allura shiga haɗari.

Kuma ba danne maganar aka yi ba, gwada ta aka yi, saboda a shekarun 1970 abin ya zama rigimar siyasa a Amurka. Jihohi fiye da 20 suka halatta shi, mutane na ta tsallakawa Tijuana ta Meziko neman sa, har shari'a ta kai kotun ƙoli a 1979. A cibiyar Sloan Kettering ta New York wani tsohon mai bincike, Kanematsu Sugiura, ya ce ya ga kamar yana rage yaɗuwar ƙari a ɓeraye, amma da wasu suka maimaita, har da gwajin da mai dubawa bai san wane ɓera aka ba wane abu ba, sakamakon bai tabbata ba. A 1978 Cibiyar Kansa ta rubuta wa likitoci 385,000 da wasu ma'aikatan lafiya 70,000 tana roƙon duk wanda ya ga marar lafiyar da Laetrile ya taimaka ya turo takardunsa. Guda 93 suka zo, 67 ne kawai ke da bayanin da za a iya dubawa, 6 ne aka ga alamar sauƙi. Duk da haka aka ce a gwada a jikin mutane. Asibitin Mayo da wasu cibiyoyi uku suka ba marasa lafiya 178, tare da irin abinci da bitamin ɗin da masu Laetrile suka ce a haɗa, ƙarƙashin Charles Moertel. Sakamakon ya fito a 1982: babu wanda ya warke, ƙari ya ci gaba da girma, rabinsu ba su kai wata biyar ba, wasu kuma sayanayid ɗin jininsu ya kusa kai mizanin kisa.

Kada ki ba ta, Maman Ilham, ko guda.

Nas Rabi (Makka)

Maman Ilham 'yar'uwa, kafin komai, sauko da kwalbar nan daga saman firij ki fitar da ita daga gidan. Kina da yara, kuma abin kamar lauz yake a ido. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi lissafi a 2016 cewa babban mutum in ya wuce ƙananan ƙwayoyi uku a zama ɗaya zai iya haura iyakar da ba ta da haɗari, ƙaramin yaro kuwa ko guda ɗaya ta yi masa yawa. Balle Gwaggo da hantarta ke fama da kimawi, ga shi ba ta cin abinci.

Ni a sashen masu kansa nake aiki, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ba masu ƙin zuwa tun farko ba ne. Waɗanda suka faro lafiya lau ne, aka cire ƙarin, aka yi rabin allurai, sai su ɓace. Bayan watanni a dawo da su ciwon ya shiga ƙashi ko huhu. In ka tambaya a hankali sai a ce ai wata ce ta kawo wani abu. Sankarar mama in an kama ta da wuri aka bi magani har ƙarshe, mata da yawa suna warkewa su aurar da jikokinsu.

Gwaggo ba don ta yarda da Bature take riƙe sunansa ba, wahala ce ta ishe ta, tana neman ƙofar fita. Wahalar za ki rage mata. Ranar mau'idi, wato ranar komawa asibiti, ki gaya wa likita komai dalla-dalla, kada ki ce "da sauƙi" irin tamu ta Hausawa alhali ba sauƙin. Maganin tashin zuciya kala-kala ne, in wannan bai karɓe ta ba a canza. Gyambon baki akwai abin kurkurawa da ake rubutawa, a gida kuma ruwan ɗumi da ɗan gishiri da bikarbonat yana taimakawa, a guji yaji da lemun tsami da abu mai zafi. Kunu mai sanyi, yogot, farfesu marar yaji, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Gashi kuma ki gaya mata mafi yawanci yana dawowa bayan an gama. In kuɗi ne matsalar, ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ki yi musu bayani, kada kunya ta hana ki.

Zamzam da addu'a da ruƙiyya babu likitan da zai hana. Amma duk wani jiƙo ko gari ko ƙwayar ƙarin kuzari, a nuna wa likita tukuna, don wasu suna karo da kimawi.

Alhaji na Jarwal (Makka)

To Malam Abu Maryam, na ji karatu. Amma ka ba ni amsa ɗaya. Kai da bakinka ka ce mutumin ya shekara talatin da biyar a gidan binciken, har yau sunansa kuke koya wa yara. Yanzu shi duk iliminsa bai gane abin da kai ka gane ba? Su kuma waɗanda suka yi gwajin, wa ya biya su? Ni abin da na sani, ba a taɓa barin talaka ya samu abu a araha.

Abu Maryam (Madina)

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Ni ko takalmin Burk ban isa ɗauka ba a ɗakin gwaji. Amma ba ni da shi ake aunawa ba, maganarsa ake aunawa da mutum 178 da suka sha abin. Malami ko ya kai ina, in ya yi fatawa a fannin da ba nasa ba ana duba hujjarsa. Kuma ba a nan kaɗai ya zame ba. Bayan ritayarsa shi da John Yiamouyiannis sun yi ta shela cewa sinadarin fuloraid da ake sa wa ruwan famfo don kare haƙori yana jawo kansa, suka kwatanta manyan birane goma masu sa shi da goma marasa sa shi. Da aka sake lissafin aka lura da cewa mazauna biranen sun bambanta a shekaru da jinsi da launin fata, sai bambancin ya ɓace. Kuskure ne na lissafin jama'a, wanda ba aikinsa ba ne.

Maganar tsadar magani kuwa ina bayanka, kamfanoni ba waliyyai ba ne. Sai dai ba sa gudun itace, nemansa suke yi. Ita wannan cibiya da Burk ya yi wa aiki ta shekara da shekaru tana tara ganyaye da sassaƙe daga ko'ina tana gwadawa. Daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka Monroe Wall da Mansukh Wani suka fitar da Taxol, aka amince da shi a 1992, kuma yana cikin alluran da aka fi yi wa masu sankarar mama. Ba mamaki shi ke shiga jijiyar Gwaggo yanzu. Binkiristin da ake ba yara masu kansar jini daga furen winka yake, wannan da ake shukawa a bakin titi a nan ƙasar. Da amigdalin yana aiki, da tuni wani kamfani ya ɗan sauya shi ya yi masa rajista yana sayar mana da tsada.

Kamaruddin kuma naman mishmish ne, babu ruwansa da wannan magana, ka sha abinka. Gubar tana cikin ƙwallo. Ka tuna rogo mai ɗaci a gida: ba a cinsa ɗanye, sai an fere, an jiƙa ko an gurza an matse an soya, kuma kowa ya san akuyar da ta ci ɓawonsa da yawa tana iya faɗuwa. Sayanayid ɗin nan ne dai, iyayenmu sun san da shi tun ba su san sunansa ba.

Maman Ilham (Jidda)

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Gwaggo da dare. Inda ta fi tsayawa shi ne da ta ji mutumin ba likitan asibiti ba ne, sai kuma zancen rogo, ta ce a ƙauyensu an taɓa yin haka. Ba ta ce ta fasa ba, ba ta kuma sake tambayar kwalbar ba, mijina ya riga ya fita da ita. Jibi muna da mau'idi, na rubuta duk abin da Nas Rabi ta ce a takarda.

Sai dai wata sabuwa. Na kira ƙawar tata don in yi mata bayani cikin ladabi, ashe ita kanta ci take yi kullum wai rigakafi, har tana ba mijinta. Ta ce kwanan nan tana yawan ciwon kai da jiri, ta ɗauka zafin Jidda ne. Me zan ce mata?

Nas Rabi (Makka)

Ki ce ta daina yau, ita da mijin, kada ta ce sai kwalbar ta ƙare. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya suna cikin alamun farko na wannan guba, ko da yake wani abin ma na iya kawo su, don haka ta je a duba ta, ta tafi da kwalbar ta nuna, ta faɗi guda nawa take ci da tun yaushe. In tana shan bitamin C mai yawa ta faɗa, don yana ƙara haɗarin. Za ta iya kiran 937, layin ma'aikatar lafiya, ta yi magana da likita kafin ta fita. In kuwa aka ga numfashi na sama-sama, ko ruɗewa, ko suma, ba jira, a kira motar asibiti a 997. Ki kuma tambaye ta ko akwai wasu a tahfiz ɗin da ta raba wa.